Minti talatin a kan injin gudu

Tun da na sa hoton injin gudun nan da na saya a Kano ake ta min tsiya, wani ma cewa ya yi nan da wata biyu zai koma abin rataye kaya. Gaskiya saura kaɗan maganarsa ta tabbata, shi ya sa na ga ya dace in yi wannan rubutun, musamman don 'yan uwana ma'aikata da suka haura arba'in.

Ba gayu ne ya sa na saye shi ba. Ciwon kai ne ya dame ni na je asibiti, aka auna jinina aka samu 160 bisa 100. Likitan ya tambaye ni yaushe rabona da in yi gumi, na yi shiru. Daga gida sai mota, daga mota sai kujerar ofis a Dutse, ranar Juma'a in kamo hanyar Kanya Babba, nan ma zama ne a majalisa har dare. Ya rubuta min magani, ya ce kuma lallai in riƙa motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum na buƙatar aƙalla minti 150 a mako, wato minti talatin sau biyar. Na ce a raina wannan ai ba komai ba ne.

Ashe ba ƙafa ce matsalar ba, kai ne. Ranar farko na hau, na yi ta tafiya har na tabbata na yi minti ashirin, ina duba agogon injin sai na ga bakwai. Bango a gabanka, ba ka wuce kowa, ba wanda ya wuce ka, lambobi kawai ke motsi kamar suna maka dariya. Daga baya da na karanta tarihin abin sai na daina mamaki. Wani injiniya ɗan Ingila, William Cubitt, shi ya ƙera kakan wannan injin a 1818, kuma don fursunoni ya yi shi. Su yi ta taka wata ƙatuwar ƙafa ta katako na tsawon sa'o'i, wani wurin tana niƙa hatsi ko jawo ruwa. Horo ne, kuma gundurar tana cikin horon. Yau mu ne muke cire kuɗi daga albashi mu saya.

Kuskurena na farko shi ne ɗaukar waya in shiga Facebook ina tafiya. Kada wanda ya gwada. Ina cikin karanta wata muhawara ta siyasa ƙafata ta zame, Allah ne ya kiyaye na dafe ƙarfen gefe. Ban da haɗarin faɗuwa, ina amfanin mutum ya hau inji don saukar da jini alhali abin da yake karantawa yana ƙara hawar masa da shi?

Abin da ya yi min aiki shi ne in rufe agogon da tawul, ido ya huta, in ba kunne aiki. Da safe nakan kunna labaran BBC Hausa, in ce ba zan sauka ba sai shirin ya ƙare. Wata rana kuma tilawa nake bi, in sa wa kaina hizifi guda, kuma a nan ne na gano wuraren da haddata ta zube tun barina makarantar allo. Amma wanda ya fi ba ni mamaki shi ne ranar da ban kunna komai ba. Akwai wata takarda da ta yi kwana uku a teburina na rasa yadda zan fara ta. Wajen minti na goma sha biyar sai ga jimlar farko ta zo da kanta, kafin in sauka na gama tsara ta a ka. Tun daga nan nakan hau da matsala guda ɗaya tak, kuɗin makarantar yara ko rabon takin bana, in yi ta juya ta. In ka hau da guda biyar, damuwa za ka yi, ba tunani ba.

Duk da haka ba zan ce kowa ya je ya sayi inji ba. Yana da tsada, yana son wuta, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ba mai hankalin da zai tayar da janareta don ya yi gudu a wuri ɗaya. Ranar da ba wuta, shi ke nan an samu uzuri.

A Kanya ba na ma tuna shi. In na yi sallar asuba na miƙi hanyar gona, kafin in je in dawo na haura minti arba'in ban sani ba. Ga gaisuwa, ga duba yadda geron wane ya yi, ga masu kora dabbobi. Matsalar can daban ce. Ba a yin nisa sai mai babur ya tsaya: "Yallaɓai lafiya? Motar ce ta lalace? Hau in kai ka." In ka ce motsa jiki kake, ya dube ka kamar ka samu taɓuwa. Wani dattijo ma ce min ya yi, "Ɗana, in gumi kake nema ga fartanya." Kuma ban ga laifinsa ba, don su ba su taɓa buƙatar likita ya ce musu su yi tafiya ba.

To wannan kunyar ce nake ganin tana cutar da mu. Mun ɗauka girma shi ne a gan ka a zaune, tumbi a gaba. A ofishinmu kaɗai na san mutum uku da ke shan maganin hawan jini, ɗaya kuma shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi saura shekara huɗu ya yi ritaya, yaransa duk ƙanana.

Ni dai wata na huɗu ke nan, ban daina shan magani ba, amma awon makon jiya ya nuna 135 bisa 85. Asabar mai zuwa bayan asuba zan fita daga ƙofar gida zuwa gona in sha Allah. Wanda yake Kanya kuma yake so, ya same ni, mu zama mu biyu masu babur su yi ta tsayawa.