RA'AYINMU: Ba Kowane Ɗan Wasa Mai Rigima Ake Kaiwa Kasuwa Ba

Duk lokacin da aka buɗe kasuwar saye da sayar da 'yan wasan ƙwallon ƙafa, akwai wata muhawara da ba ta ƙarewa a majalisun matasa da teburan masu shayi da gidajen kallon ƙwallo, tun daga Gider har zuwa Garwa da Marwa. Muhawarar kuwa ita ce, idan ƙungiya tana da ɗan wasan da Allah Ya hore wa baiwa, amma ga shi da taurin kai, yau ya yi cacar baki da koci, gobe ya ƙi fitowa atisaye, shin ta sayar da shi ta huta ne, ko kuwa ta daure ta ci gaba da zama da shi? Masu cewa a sayar suna kafa hujja da cewa wake ɗaya shi ke ɓata gari. Masu cewa a riƙe kuma sukan mayar da martani da cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

A namu ra'ayin, kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar, sai dai duka biyun sun haɗu a kan kuskure guda, wato yi wa masu rigima kuɗin goro. Akwai ɗan wasan da rigimarsa a bakinsa take, amma da zarar alƙalin wasa ya busa usur babu wanda zai kai shi zubar da gumi. Akwai kuma wanda rigimarsa ta riga ta cinye aikinsa, ya daina atisaye, jikinsa ya yi nauyi, kuma ƙanana sun fara koyi da shi. Na farkon ana zama da shi ne a gyara, na biyun shi ake nema wa mai saye. Ƙungiyar da ta kasa bambance su kuwa za ta yi asara ko ta ina ta juya.

Ba sai mun wahala wajen neman misali ba, domin ɗan ƙasarmu Samuel Eto'o shi ne aka yi wa musaya mafi shahara a tarihin ƙwallon ƙafa na wannan zamani. Eto'o ya koma Barcelona ta ƙasar Sifen daga Mallorca a shekarar 2004, kuma babu mai musun cewa mutum ne mai kaifin harshe. A watan Fabrairun 2007, bayan ya dawo daga jinyar gwiwa, kocinsa na lokacin Frank Rijkaard ya shaida wa manema labarai cewa ya ƙi shiga fili a mintunan ƙarshe na wasansu da Racing Santander. Shi kuma bai yi shiru ba, ya fito bainar jama'a ya yi raddi mai zafi. Tun daga nan aka liƙa masa sunan mai raba kan 'yan wasa.

A wannan ƙungiya dai akwai wani gwanin da shi ma ake kuka da shi, wato Ronaldinho ɗan ƙasar Brazil, wanda ya zama gwarzon ɗan ƙwallon duniya a 2004 da 2005. Shi ba mai faɗa ba ne, kullum cikin murmushi yake, amma jaridun Sifen sun cika da rahotannin yawon darensa da rashin zuwansa atisaye, kuma ƙoƙarinsa a fili ya ja baya ƙwarai. A kakar wasa ta 2007 zuwa 2008 Barcelona ta ƙare a matsayi na uku, Real Madrid ta ba ta tazarar maki 18. Da Pep Guardiola ya karɓi ragamar horarwa a watan Yunin 2008, sai ya bayyana cewa Ronaldinho da Deco da Eto'o ba sa cikin tsarinsa. An sayar da Ronaldinho ga AC Milan, Deco ya tafi Chelsea, aka miƙa wa matashi Lionel Messi riga mai lamba 10. Eto'o kuwa ya tsaya, ya amsa wa kocin da ƙafarsa: ya ci ƙwallo 30 a gasar La Liga, kuma shi ya fara zura ƙwallo a ragar Manchester United a wasan ƙarshe na gasar Zakarun Turai a birnin Rum a watan Mayun 2009. A wannan kakar Barcelona ta haɗa manyan kofuna uku.

Duk da haka, a watan Yulin 2009 ƙungiyar ta miƙa shi ga Inter Milan ta Italiya, ta ƙara da tsabar kuɗi Yuro miliyan 46, kimanin sefa biliyan 30 ke nan, domin ta karɓi Zlatan Ibrahimovic. Abin da ya biyo baya kowa ya gani. A watan Afrilun 2010 ƙungiyoyin biyu suka haɗu a wasan kusa da na ƙarshe na gasar Zakarun Turai. Inter ta yi nasara da ci 3 da 1 a Milan, a karawa ta biyu kuma aka ba Thiago Motta jan kati tun kafin hutun rabin lokaci, sai ga Eto'o, wanda ake cewa girman kai ba ya barin sa ya bi umarni, ya koma baya yana tare gida kamar ɗan wasan baya saboda kocinsa Jose Mourinho ya buƙaci haka. Ibrahimovic kuwa an cire shi kafin a tashi a dukkan wasannin biyu. Inter ta fitar da Barcelona, ta doke Bayern Munich da ci 2 da nema a Madrid, ita ma ta haɗa kofuna uku. A watan Agustan 2010 Ibrahimovic, wanda ya riga ya ɓata da Guardiola, ya tafi AC Milan a matsayin aro, daga baya aka sallama shi a kan Yuro miliyan 24. Kafin nan Barcelona ta sake kashe miliyan 40 wajen sayo David Villa daga Valencia.

Adalci ne mu faɗi cewa Barcelona tana da nata uzurin, domin shekara ɗaya ta rage a kwantiragin Eto'o, kuma ƙungiyar ba ta durƙushe ba, ta sake ɗaukar kofin Turai a 2011. To amma wannan gata ne na mai aljihu mai zurfi, wanda zai iya yin kuskuren biliyoyi ya kuma sayi gyaransa a kasuwa. Darasin da ke ciki a fili yake. Koci guda, a ƙungiya guda, cikin shekara guda, ya rabu da gwanaye biyu da ake kira masu matsala. Rabuwa da Ronaldinho ta buɗe wa ƙungiya hanya domin matsalarsa ta shafi aikinsa. Rabuwa da Eto'o ta jawo asara domin matsalarsa ba ta taɓa hana shi aiki ba, jininsa ne kawai bai haɗu da na koci ba.

A nan gida ma mun ɗanɗani ɓangarorin biyu a ƙungiyar ƙasa, duk da cewa ita ba ta sayar da ɗan wasa, sai dai ta kore shi ko ta daina gayyatar sa. A gasar cin kofin duniya ta 2014 a Brazil, a wasan da Kuroshiya ta lallasa mu da ci 4 da nema, Alex Song ya samu jan kati saboda ya kai wa abokin hamayya gwiwar hannu a baya, Benoit Assou-Ekotto kuma ya kai wa abokin wasansa Benjamin Moukandjo karo a idon duniya. Wannan ita ce irin ɓarakar da haƙuri ba ya magani. Shekaru uku bayan haka, koci Hugo Broos ya tafi Gabon ba tare da wasu manyan sunaye ba, Moukandjo yana riƙe da kambun kyaftin, kuma ɗanmu Vincent Aboubakar ya ci ƙwallon da ta kayar da Masar a wasan ƙarshe ranar 5 ga Fabrairun 2017.

Sai dai a watan Nuwamban 2022 a ƙasar Katar, mun ga yadda gaggawa ke aiki. Bayan wasan farko da Suwizalan, saɓani ya shiga tsakanin koci Rigobert Song da mai tsaron gida André Onana, wanda rahotanni suka ce a kan salon wasa ne. An dakatar da Onana ana tsakiyar gasa, ya bar sansani, a watan Disamba ya ce ya daina buga wa ƙasa. Hakan ya faru ne a ƙarƙashin hukumar Fecafoot da shi Eto'o ɗin aka zaɓa ya shugabanta a Disamban 2021. Watanni shida bayan barin nasa, Onana ya tsare ragar Inter a wasan ƙarshe na Zakarun Turai, kuma a watan Satumban 2023 sai ga shi a filin wasa na Roumdé Adjia a nan Garwa, a ƙarƙashin wannan koci dai, muka doke Burundi da ci 3 da nema. Rashin ganin sunansa a jerin waɗanda aka tafi da su gasar Afirka ta Maroko a Disamban 2025 wani babi ne daban, na wani koci daban. Abin tambaya a nan shi ne, saɓanin da aka iya sasantawa cikin watanni tara, me ya hana a sasanta shi cikin dare ɗaya a Katar?

Wani zai ce ina ruwan ƙungiyoyinmu na Arewa da rigimar masu biliyoyi? Ruwansu kuwa ya fi na kowa. Coton Sport ta Garwa, wadda aka kafa a 1986 da tallafin kamfanin auduga na Sodecoton, ta kai wasan ƙarshe na gasar Zakarun Afirka a 2008 inda Al Ahly ta Masar ta yi galaba, kuma ita ce ta sayar da Aboubakar ga Valenciennes ta Faransa a 2010. Ƙungiyoyi irinta, balle ƙananan da ke Gider da sauran garuruwan Mayo-Louti, babban jarinsu shi ne yaran da suka rena. Wanda jarinsa ke nan bai kamata ya kai shi kasuwa cikin fushi ba. Duk wanda ya taɓa zuwa kara ya san cewa mai sa da ya shigo yana faɗa wa kowa cewa san nan tunkuyi gare shi, dillalai za su taya masa yadda suka ga dama. Haka shugaban ƙungiyar da ya shiga gidan rediyo ya tona asirin ɗan wasansa, da bakinsa ya karya farashin kayansa.

Saboda haka muna ganin akwai tambayoyi uku da ya wajaba shugabanni su amsa wa kansu kafin su yanke hukunci. Ta farko, shin matsalar yaron nan ta shafi aikinsa, yana zuwa atisaye a kan lokaci, yana bin umarni a cikin fili? Idan yana yi, to abin da ake buƙata mai shiga tsakani ne, kuma ba mu rasa dattawa da tsofaffin 'yan wasa da za su iya wannan aiki ba. Ta biyu, mene ne tushen matsalar? Ƙungiyar kare haƙƙin 'yan ƙwallo ta Synafoc ta sha kokawa a kan rashin biyan albashi a gasannin ƙasar nan, kuma yaron da ya yi wata da watanni bai ga kuɗinsa ba, ga mai gidan haya yana buga masa ƙofa, idan ya ɗaga murya haƙƙinsa yake nema. Idan kuma ya faɗa shan tiramol da sauran ƙwayoyin da suka addabi matasanmu, to marar lafiya ne, likita da iyayensa ya kamata a fara kira kafin dillali. Ɓoye cutarsa a tura shi wata ƙungiya ha'inci ne ga mai saye, zalunci ne kuma ga yaron. Ta uku, wa zai maye gurbinsa, kuma nawa za a kashe? Barcelona tana da Messi a hannu lokacin da ta saki Ronaldinho, amma da ta saki Eto'o sai da ta je kasuwa sau biyu.

Idan an yi duk wannan, an yi gargaɗi a rubuce, an yanke tara, an ajiye shi a benci, amma ya ci gaba da raina abokan wasansa ko ɗaga hannu a kansu, to a nan ba mu da ja, a sayar da shi komai gwanintarsa, domin babu ɗan wasan da ya fi ƙungiya. Sai dai a yi cinikin cikin mutunci kuma da takardu. Dokar hukumar FIFA ta tanadi cewa idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. Ƙungiyar da ta kori yaro da baki, babu rajista babu yarjejeniya, ta yi sallama da wannan rabo ko da wata rana ya zama tauraro a Turai.

Muna kira ga shugabannin ƙungiyoyinmu da su rubuta ƙa'idojin ladabtarwa tun farkon kaka, su karanta wa kowane ɗan wasa, su kuma yi aiki da su a kan babba da ƙarami ba tare da son kai ba. Muna kira ga masu horarwa da su tuna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma iya zama da mai wuyar hali yana cikin aikin da aka ɗauke su dominsa. Su ma 'yan wasa su sani cewa Eto'o bai tsira da sunansa saboda kaifin bakinsa ba, gumin da ya zubar ne ya wanke shi. Magoya baya kuma a rage matsin lamba a bar shugabanni su yi nazari, domin ɗan wasan da aka sayar cikin fushi yau, shi ne zai dawo da rigar wasu ya zura mana ƙwallo gobe. Allah Ya sa masu ruwa da tsaki su ji, su kuma gyara.