Maye Bai San Ɗan Gata Ba

Duk wanda ya san Kado, tsakanin Jabi da Gwarimpa a Abuja, ya san yadda motoci suke tsere a Titin Ahmadu Bello idan dare ya raba, lokacin da ake watsewa daga wuraren shan iska. Cikin direbobin nan akwai wanda ya sha giya, akwai wanda ya haɗiyi tiramadol, ga kuwa 'yan Kasuwar Kifi da leburori suna tsallaka titi.

Maye yana rage gani, yana jinkirta taka birki, sa'an nan yana cika direba da ƙarfin halin banza. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutane wajen miliyan 1.19 suke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi shan wuya. Tun 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, kuma dokarta ta 2007 ta haramta tuƙi cikin maye.

To, amma akwai laifin da ya rataya a wuyan 'yan jarida. Idan direban tasi ya banke mutum, sau da yawa akan buga sunansa, har a ambaci ƙabilarsa. Idan kuwa ɗan wani babba ne, sai a ce mota ta ƙwace, watau kamar babu mutum a bayan sitiyari. Dokin mai baki ya fi gudu. Illar wannan ita ce, jama'a su ɗauka maye cutar talaka ce kaɗai, iyalan mamaci kuwa su rasa mai tsaya musu.

Jarida tana da ƙarfi in ta ga dama. A 2018, rahoton BBC kan maganin tari mai kodin ya sa Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafa shi cikin 'yan kwanaki. Ƙa'idojin aikin jarida da aka amince da su a Ilorin a 1998 ma sun hana karɓar na goro don danne labari.

Saboda haka lalle ne editoci su auna mai mulki da talaka da mudu ɗaya, a kuma gwada numfashin kowane direba bayan haɗari, a bayyana sakamakon. Allah Ya kiyaye hanya.