An Kai Sunanku Kasuwa Ba Ku Sani Ba

Wanda ya iya karatu ya ɗaga murya ya karanta wa na kusa da shi, a kuma tabbata mata a cikin gida sun ji, domin maganar nan ba ta bar kowa ba.

Ku tuna watan Disamba na 2020, sa'ad da Gwamnati ta ce duk wanda bai haɗa layin wayarsa da lambar ɗan ƙasa ba, watau NIN, za a rufe masa layi. Kun bar sussuka, kun bar lambu, kun biya kuɗin mota, kun yi sammako cikin hunturu kuna bin layi. An ɗauki hotonku, an ɗauki yatsunku goma, an rubuta sunanku da ranar haihuwa da garinku. Tun 2014 ma banki ya fara karɓar irin wannan yana ba da lambar BVN. Ba ku yi gardama ba. Amana aka nema, kun bayar.

To, ina amanar take? A watan Maris na 2024 'yan jarida sun bankaɗo wani shafi a intanet inda ake sayar da bayanin mutum a kan Naira 200. A watan Yuni ƙungiyar Paradigm Initiative ta gano wani mai sayarwa Naira 100, har ta sayi takardar NIN ta Ministan Sadarwa, Bosun Tijani, don ta nuna wa duniya. Naira ɗari, jama'a! Ko ƙosan karin kumallo ba ta isa ba. Hukumar NIMC ta ce ba wanda ya fasa rumbunta. Mun ji. Amma ku manoma ne. In ka tarar da hatsinka a kasuwa, mai gadi ya rantse ba a fasa rumbu ba, ai sai ka tambayi wanda ke riƙe da makulli. In kuwa an sayar da ta minista, wa zai ji tausayin taka?

Akwai kuma waɗanda ke biyo ku har gida. A 2025 hukumar EFCC ta faɗa da bakinta cewa samari wajen 12,000 ne ke yawo suna sayen NIN da BVN daga hannun mutane a kan Naira 1,500 zuwa 2,000, su sayar Naira 5,000. Me ake yi da ita? A buɗe asusu da sunanka, a riƙa zuba kuɗin damfara ana kwashewa. Ran da asiri ya tonu, ɓarawon yana can birni, sunan da ke jikin takarda naka ne, ƙofar da 'yan sanda za su ƙwanƙwasa taka ce. Kai Malam, dubu biyu za ta fid da kai daga ofishin 'yan sanda?

Gaskiya ɗaya ce, abin da ya riga ya fita ba ya komowa, lambar nan kuwa ba riga ba ce da za ka sake. Amma sanin lambarka kaɗai bai buɗe wa ɓarawo asusunka ba. Saura abu uku yake nema: lambar sirri ta katinka, da 'yan lambobin nan da banki ke aiko maka a waya, da layinka kansa. Shi ya sa zai kira ka da murya mai daɗi, ya faɗi sunanka da na mahaifinka da ranar haihuwarka, ya ce daga banki yake, za a rufe asusu in ba ka karanto masa lambar da ta shigo yanzu ba. Kada sanin sunanka ya ruɗe ka, Naira ɗari ya saye shi. Banki ba ya tambayar lambar sirri, ko a waya ko ido da ido. Kashe wayar kawai. A wajen mai POS ma, danna lambarka da hannunka, ka kāre da ɗaya hannun. Ke Iya, ki daina ba yaro kati da lamba ya je ya ciro miki, ki je tare da shi. In waya ta ɓace ran kasuwa, kada a ce sai gobe. A ari wayar maƙwabci a kira banki a tsayar da asusun, a je ofishin kamfanin waya a rufe layin, domin mai riƙe da layinka shi ke karɓar saƙon bankinka.

Yanzu ga zaɓe. Za su zo da buhun taki da turmin atamfa da doguwar takarda, wai sunayen masu samun tallafi, su ce a kawo katin zaɓe da lambar asusu. A 2022 hukumar zaɓe ta sanar da cewa an kama wani a Jihar Sakkwato da katunan mutane 101, kotu ta ɗaure shi shekara ɗaya. Ku lura da kyau: a zaɓen 2023 na'urar BVAS yatsa da fuska take dubawa, ba wanda zai jefa ƙuri'a da katin wani. Mai sayen katinka ba ƙuri'arka yake so ba, so yake ka zauna a gida ran zaɓe.

Doka kuwa akwai ta. A watan Yuni na 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, aka kafa hukumar NDPC. Dokar ta ce wanda bayananku suka zube a hannunsa ya sanar da hukumar cikin awa 72, babban kamfani kuma tararsa na iya kai wa Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na cinikinsa na shekara. Wa ya taɓa zuwa ƙauyenku ya gaya muku wannan? Masu neman kujera suna nan tafe da lasifika da maroƙa. In sun tsaya a ƙofar Dagaci, a sami dattijo ya miƙe ya tambaye su: mutum nawa aka ɗaure kan sayar da sunayenmu, kuma in an cuce mu, wane ofishi za mu kai ƙara a ƙaramar hukumar nan?