SHARHI: Kare ƙoda lokacin aikin zuciya ya fi wankin ƙoda araha

A shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da rage kuɗin wankin ƙoda daga naira 50,000 zuwa naira 12,000 a wasu asibitocinta. Sauƙi ne babba ga iyalan da cutar ta talauta, sai dai tallafin na ƙodar da ta riga ta gaza ne. Akwai raunin da ƙoda kan samu a cikin asibiti wanda ake iya kauce masa da kuɗi kaɗan, kamar wanda ruwan rinin aikin zuciya ke haddasawa.

Idan likita zai duba jijiyoyin jinin zuciya ko ya buɗe wadda ta toshe, yakan zura siririn bututu ta wuyan hannu ko matsematsi, ya ɗura wani rini mai sinadarin aidin domin jijiyoyin su fito sarai a hoto. Ƙoda ce ke tace rinin ta fitar da shi cikin fitsari. A jikin wasu yakan rage jinin da ke isa ƙodar, ya kuma illata ƙananan hanyoyinta. Gwajin jini kan nuna hakan cikin sa'o'i 48 zuwa 72. Galibi ƙodar na farfaɗowa, amma wasu sai an kai ga wanki.

Haɗarin ya fi yawa ga masu tsohon ciwon ƙoda, da masu ciwon suga, da tsofaffi, da masu raunin zuciya. A nan matsalarmu take: mutane da dama na fama da hawan jini shekara da shekaru ba a taɓa auna ƙodarsu ba, ga kuma sabon sayen diclofenac da ibuprofen a kemis, magungunan da ke ƙara wa ƙoda nauyi.

Binciken PRESERVE da aka wallafa a 2018, kan marasa lafiya fiye da 5,000, ya nuna ruwan bikabonet bai fi ruwan gishirin da aka saba ƙarawa ba, maganin acetylcysteine kuma bai kare ƙoda ba. Na AMACING da aka yi a Holan, aka wallafa a 2017, ya gano cewa masu matsakaicin raunin ƙoda ba su ƙaru da ƙarin ruwa ba. Ke nan abin da ya rage a hannun likita shi ne auna ƙoda kafin aiki, dakatar da magungunan da ke cutar da ita, taƙaita yawan rinin, da ƙarin ruwa ga wanda ƙodarsa ta yi rauni sosai, bisa lura da ƙarfin zuciyarsa.

Tsoron rinin bai kamata ya jinkirta aikin gaggawa ga wanda jijiyar zuciyarsa ta toshe farat ɗaya ba, domin jinkirin ya fi rinin haɗari. Amma a aikin da aka tsara tun da wuri, ya kamata hukumomin lafiya su wajabta gwajin ƙoda kafin aiki da bayansa, majiyyaci kuma ya nemi a gaya masa sakamakon.