Adireshin Hoto da Haƙƙin Mutanen Ruma

A watan Fabrairun 2020, 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Tsauwa da Dankar a ƙaramar hukumar Batsari, suka hallaka mutum talatin bisa ƙidayar 'yan sanda. Labarin ya iske mu a ɗakin labarai ba tare da hoto ko ɗaya ba. Muka shiga taska, muka ɗauko hoton wasu ƙonannun gidaje na wata jiha, muka liƙa. Washegari wani ɗan Ruma da ke ci-rani a Legas ya bugo waya, muryarsa na rawa, yana tambaya ko gidan su wane ne a hoton. Ba mu yi ƙarya a rubutu ba, amma mun hana bawan Allah barci.

Ra'ayina shi ne, ya kamata kowace kafar labarai ta Hausa ta riƙa bambanta hotunanta da alamar da ido zai gani. Hanyar yin hakan kuwa tana hannunmu tuntuni.

Hoton da kake gani a shafin intanet ba a jikin shafin yake zaune ba. Abin da ke rubuce a shafin adireshi ne, wanda ake kira src, shi ke gaya wa wayarka inda za ta ɗauko hoton. Shi kuma CSS, harshen da ke tsara kamannin shafi, yana iya tsamo hotuna ta wannan adireshi: wanda ya fara da kaza, wanda ya ƙare da kaza, ko wanda ke ɗauke da wata kalma a tsakiya. Ƙungiyar W3C ta tabbatar da wannan ƙa'ida tun 2011. Idan mai gina shafi ya rubuta img[src*="/taska/"], ya kama duk hoton da ke da kalmar taska a adireshinsa, sai ya zagaye shi da layi mai ruwan toka, ko ya dusashe launinsa. Tun ƙarshen 2023 ma, manyan manhajojin buɗe shafi duka suna gane umarnin :has(), wanda da shi za a sa rubutu ya fito a ƙarƙashin hoton: "Tsohon hoto ne, ba na wurin ba."

Abin da ake buƙata rumbu uku ne: ɗaya na hotunan da wakilinmu ya ɗauka, ɗaya na taska, ɗaya na waɗanda jama'a suka turo ba mu kai ga tantancewa ba. Editan da ke tsere da lokaci yakan manta rubuta bayani a ƙasan hoto, amma rumbu sau ɗaya ake zaɓar sa, ranar da aka ɗora hoton. Daga nan duk labarin da ya aro shi, alamar za ta biyo shi.

Ku tuna Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, har da Batsari da Safana. Tsawon watanni tura hoto daga can ya zama jan aiki, amma labaran yankin ba su daina fitowa da hotuna ba. Mai karatu na da haƙƙin ya san daga ina.

Masana harkar za su ce adireshi yana nuna inda aka ajiye hoto ne, ba inda aka ɗauke shi ba, kuma maƙaryaci na iya jefa hoto a rumbun da ya ga dama. Za su ƙara da cewa da zarar an kwafi hoton zuwa WhatsApp, layin da rubutun sun zube. Duka gaskiya ne. Sai dai a abin da na gani a wannan aiki, gaggawa ta fi mugun nufi jawo hoton da ba na wurin ba, ita kuwa gaggawa tsari ke maganinta. Batun WhatsApp kuma sai an buga tambari a jikin hoton kansa, wannan wani aiki ne dabam da bai hana a fara da na farko ba.

Akwai wata riba da ba a zata ba. Ranar da edita ya buɗe shafinsa ya ga labaran Batsari da Safana duk sun yi ruwan toka, zai gane cewa ya shekara yana rubutu a kan dajin Rugu ba tare da ya tura kowa Runka ko Ruma ba. Wataƙila a lokacin ya ba wakili kuɗin mota, ya je ya ɗauko gonar rogo, da kasuwa, da makarantar da aka rufe, da wadda aka sake buɗewa.

Bahaushe ba ya ba da 'yarsa sai ya binciki asalin mai nema. Mu kuma muna miƙa wa dubban masu karatu hoto ba mu faɗi nasa ba. Layi ɗaya na CSS da rumbu uku sun isa a fara gyara.