Gas Na Tafe: Wa Ya San Ramukan Ƙasarmu?

Tun da aka ƙaddamar da aikin bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano a watan Yunin 2020, mai tsawon kilomita 614, hirar manyanmu ba ta wuce farfaɗo da masana'antun Sharaɗa da Bompai. Madalla. To amma duk ƙasar da ta dogara da gas, wata rana sai ta nemi rumbun ajiye shi, kuma a Turai da Amurka rumbun nan ƙarƙashin ƙasa yake: tsofaffin rijiyoyin mai, ko kogunan gishiri.

A nan gizo ke saƙa. A Janairun 2001, gas ya sulale daga ma'ajiyar Yaggy a jihar Kansas, ya yi tafiyar kimanin kilomita 11 a ƙarƙashin ƙasa, ya ɓullo a garin Hutchinson ta tsofaffin rijiyoyin gishiri da aka manta da su. Mutum biyu suka mutu. A Sifen kuwa, ɗura gas a ma'ajiyar Castor a 2013 ya zo da ɗaruruwan motsin ƙasa, dole aka rufe ta.

Labarin Hutchinson ya fi tsaya mini a rai, domin ramin da aka manta shi ya yi kisa. Mu kuwa muna da irinsa. A Riruwai ta Doguwa an haƙi kuza tun kafin zuwan Turawa, ramuka suna nan birjik. Daga Tudun Wada zuwa Kiru kowa na haƙa rijiyar burtsatse yadda ya ga dama. Ƙasar yankin tsohon dutse ne mai tauri, ruwan shanmu a cikin tsagoginsa yake kwance, kuma tsagar da ruwa ya bi, gas ma zai bi. Ga Madatsar Tiga a Bebeji, wadda noman ranin Kadawa ya rataya a kanta.

Saboda haka ina ganin ƙasar nan ba ta dace da rumbun gas ba, kuma ya kamata Gwamnatin Kano ta faɗi haka tun kafin wani ɗan kwangila ya hango ramukan Riruwai ya ce ya sami araha. Ta fara da ƙidaya ramuka da rijiyoyi, ta zana taswirarsu. Ni ɗalibin harshe ne, don haka zan ƙara da cewa rahoton tasirin aiki ga muhalli da aka rubuta da Turanci, aka jibge a sakatariya, bai isa ga manomin Kiru ba. A fassara shi, a karanta a rediyo, a kai wa dagatai.