WACE WUƘA ZA MU SA WA SAURAYI A ALJIHU?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a mararrabar Tsarnawa lokacin cirar albasa, nan inda hanyar Tawa ta haɗu da babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi da Damagaram, ya san wuƙa ba ta hutawa a wannan wuri. Da ita ake yanke lawashi a gona, da ita ake datse igiyar ɗinkin buhu, da ita mai rake ke fere wa matafiya, da ita yaron mota ke gyara igiyar tamfol kafin kamiyo ya tashi. Daga fadamun Ƙonni har zuwa Galmi, mutumin da ya fito aiki babu wuƙa a jikinsa yini zai yi yana aro.

A hutun da na yi a gida, ɗan yayata, saurayi mai shekara 16 wanda ya fara bin mahaifinsa lambu, ya same ni da wata buƙata. Ya ce: "Kawu, in ka koma Yamai ka sayo mini wuƙa irin wannan." Ya nuna mini hoto a wayarsa. Wuƙa ce baƙa mai dogon tsini, irin wadda ake danna maɓalli ruwanta ya yi tsalle ya fito ya kulle. Na ce masa wuƙa kam zan sayo, amma ba wannan ba. Bai ji daɗi ba, kuma a lokacin ban ba shi cikakken dalili ba. Ga dalilin yanzu, domin na san iyaye da yawa suna fuskantar irin wannan roƙo.

Ra'ayina shi ne wuƙar farko da za a ba saurayi ta kasance mai naɗewa, mai ruwa guda, gajera, kuma marar makulli. Faransawa suna kiran irinta canif. A wurin aikin fassara na sha cin karo da wannan kalma, kuma ban sami abin da ya fi "wuƙar aljihu" ba. Yadda aka ƙera ta ba shi da wuyar ganewa. A bayan mariƙin akwai wani siririn ƙarfe mai tsauri wanda ke danne gindin ruwan wuƙar. In an buɗe, shi ke riƙe ta a buɗe. In an rufe, shi ke hana ta buɗewa cikin aljihu. Amma ba ya kulle ta. In ka danna bayan ruwan da ƙarfi, sai ta naɗe.

Wani zai ce ai wannan aibi ne, me ya sa za a ba yaro wuƙar da za ta iya rufewa a kan yatsunsa? To, a nan ne amfaninta yake. Wuƙar aljihu ba ta naɗewa muddin kaifinta ne ke aiki, domin yanka yana tura ruwan ne zuwa wajen buɗewa. Tana naɗewa ne in an soka ta, ko an yi ɓamɓare da ita, ko an murɗa tsininta cikin abu mai tauri. Wato duk aikin da ya dace da wuƙa za ta yi shi lafiya, aikin da bai dace ba kuwa ita da kanta za ta hore mai ita. Ina da tabo a ɗan yatsana na dama tun ina lakol, ranar da na ce sai na huda gwangwanin madara da tsinin wuƙa. Babu malamin da ya koya mini darasi da sauri haka.

Waccan kuwa da ɗan yayata ya nuna mini, an ƙera ta ne don ta fito cikin ƙiftawar ido ta tsaya ƙyam ta jure suka. Wane aikin lambu ne ke bukatar wannan? Lawashi ba ya gudu. Igiya ba ta ramawa. Mun sani sarai yadda rigimar samari ke tashi a tasha ko a dandali: magana ta kawo magana, zuciya ta hau, hannu ya shiga aljihu. Wuƙar da sai an sa hannu biyu kafin a buɗe ta tana ba mutum ɗan lokaci, kuma sau da yawa wannan ɗan lokaci ya ishi wani dattijo ya shiga tsakani. Ga kuma halin da iyakokinmu ke ciki a shekarun nan. Shingen bincike ya yawaita a kan hanya, kuma jami'in da ya laluba aljihun saurayi ya ciro wuƙa mai maɓalli yana da gaskiya in ya tsare shi da tambayoyi. Uban da ya sayi wannan wuƙa ya sayo wa ɗansa bacin rana da kuɗinsa.

Akwai ƙasashen da suka sa wannan bambanci cikin doka. A Ingila, dokar shekarar 1988 ta yarda mutum ya yi yawo da wuƙa mai naɗewa in kaifinta bai wuce inci 3 ba, wato kusan santimeta 7 da rabi, kuma kotunansu sun yanke cewa mai makulli ba ta cikin wannan rangwame. Ban ce mu kwafi dokar kowa ba. Amma ma'aunin yana da hankali a cikinsa, kuma ya yi daidai da abin da manomi ya sani: ruwan da ya kai tsawon ɗan yatsan tsakiya ya isa fere rake, ya isa auren mangwaro, ya isa fiƙe alƙalamin allo.

Kakana yana da irin wannan wuƙa, kuma tarihinta ya cancanci a tsaya a kansa. Mariƙinta farin ƙarfe ne fallen guda da aka ninka, an zana masa alamar nan ta Agadas da maƙeran Abzin ke yi da azurfa, an rubuta El Baraka. Muna yara mun ɗauka daga Agadas ta fito. Sai da na girma na gane cewa a garin Thiers na ƙasar Faransa aka ƙera ta, a masana'antar Cognet. Asalin sunanta Douk-Douk, kuma tun 1929 ake yin ta. An fara shirya ta ne don tsibiran Melaneziya, shi ya sa aka zana wa mariƙin ta asali hoton wani dodon mutanen can. Kasuwar can ba ta karɓe ta ba, sai aka juyo da ita Afirka ta Arewa, inda ta samu shiga ƙwarai, daga nan ta tsallako hamada. Da ƴan kasuwar suka lura hoton dodo ba zai yi wa Musulmi daɗi ba, sai suka fito da mai alamar Agadas. Dubi wayon ɗan kasuwa: ya ɗauki zanenmu ya manna a hajarsa, ya sayar mana, muna murna.

Amma a faɗi gaskiya, wuƙar ta yi. Gaɓoɓinta 6 ne kacal: ruwa, mariƙi, ƙarfen baya, ƙusa biyu, da ɗan zoben ratayewa. Babu katakon da zai tsage, babu roba da rana za ta cinye. In ta yi sako-sako, a ɗora ƙusar a kan maƙera a ɗan buga da guduma, ta koma daidai. Faɗinta bai hana ta kwanciya cikin aljihun riga ba. Kakana ya yi shekaru yana wasa tasa har ruwan ya sirance kamar ganyen dabino, bai taɓa kai ta gyara ba.

Kada kuma in ɓoye abin da ke rage ƙarfin hujjata. Wannan wuƙa marar makulli an zubar da jini da ita a lokacin yaƙin ƴancin Aljeriya, tsakanin 1954 da 1962, har hukumomin Faransa suka ɗauke ta a matsayin kayan yaƙi. Ashe rashin makulli ba ya wanke zuciyar mai mugun nufi. Na yarda. Sai dai ni ba a kan mai mugun nufi nake magana ba, wanda ko da dutse zai yi ɓarna. Ina magana ne a kan yaron kirki mai zafin ƙuruciya, wanda abin da ke hannunsa ke iya sa ya ɗauki kansa wani abin da ba shi ba.

Akwai wasu sunaye da mai saye zai ji. Opinel, mai mariƙin katako, ta fito ne daga yankin Savoie tun 1890. Ba ta da ƙarfen baya, kuma a 1955 aka ƙara mata zoben da ake murzawa ya kulle ruwan. Tana da kaifi, amma katakonta yana kumbura da damina har buɗewa ta yi wuya. Okapi, wadda aka fara yi a Solingen ta Jamus a 1902 kafin ƙirarta ta koma Afirka ta Kudu a 1988, wadda aka fi sani a cikinta mai makulli ce. Ta Suwis kuwa mai jan mariƙi, mai almakashi da mabuɗin kwalba da sauran tarkace, ba ta da laifi ga ma'aikacin biro, amma ƙurar hunturu da ruwan albasa suna shiga kowane lungu nata. Abin da ya fi cika teburan ƴan koli a yau kwaikwayon waɗannan ne, marasa sunan maƙeri. A cikinsu akwai mai kyau, akwai ta banza, kuma suna ba zai raba maka su ba. Hannu ne zai raba.

Saboda haka kada a saya a cikin leda. A karɓa a buɗe. Ruwan ya fito da ɗan nauyi, ya zauna da ƙara "ƙas". In ya buɗe salala babu turjiya, ƙarfen bayan ya mutu, a ajiye. In kuma sai an karya akaifa kafin ya fito, yaro ba zai iya da shi ba. A riƙe ruwan a girgiza hagu da dama: in yana rawa, ƙusar ba ta kama ba. A rufe a shafa da yatsa a ji ko tsinin ya leƙo waje, domin irin wannan ita ke yaga aljihu, wata rana ta yagi cinya. A duba kuma ko kaifin yana bugun ƙarfen baya in an rufe; in yana bugu, kullum za a wasa, kullum za ta dakushe. Mai tebur da ya hana ka wannan gwaji ya riga ya gaya maka darajar kayansa.

Sai maganar ƙarfe. Iri biyu ne. Akwai baƙin ƙarfe irin na maƙeranmu, mai saurin ɗaukar kaifi a kan dutse. Ruwan albasa da na lemun tsami suna baƙanta shi, kuma in an bar shi da danshi sai tsatsa. Akwai marar tsatsa, wanda ake rubuta wa inox, mai ƙyalli, wanda mai arha a cikinsa kan yi taurin kai wajen wasawa. Ni na fi son na farko ga mai koyo. Baƙin da yake yi ba cuta ba ne, kuma wuƙar da ke neman a goge ta a shafa mata ɗigon mai kowace yamma tana koya wa yaro kula da kayan aiki. Wanda aikinsa yankan mangwaro da kankana ne don sayarwa, shi kam ya ɗauki marar tsatsa, saboda masu saye. Kowace aka zaɓa, a wasa ta da hannu a kan dutse da ruwa. Injin wasa na kasuwa yana ƙona bakin ƙaramar wuƙa, ya cinye rabin ruwanta cikin wata kaɗan.

Abu biyu ba aikinta ba ne. Ba a yanka dabba da ita: addini ya umarce mu da kaifafa wuƙa da hutar da abin yanka, kuma gajeren ruwa mai naɗewa azaba ce ga rago, haɗari ne ga mai yanka. Wannan aikin babbar wuƙar maƙeri ne mai kube, kuma wurin zamanta gida. Ba a kuma ba da aronta don yankan akaifa ko tsaga ƙurji, domin ma'aikatan lafiya sun daɗe suna gargaɗi cewa ciwon hanta da wasu cututtuka suna bin jini a kan kaifi.

Abin da ya rage yana damuna shi ne wanda nake so shugabanninmu na Ƙonni da Malbaza da Illela su duba. Shekara kusan 100 ke nan ana ƙera wa Afirka wuƙar gaɓa 6 daga ƙetare. Maƙeranmu kuwa suna fitar da lauje da gatari da wuƙar fawa daga tsohon ƙarfen ƙafar mota, kuma askar wanzami da suke yi tun kaka da kakanni shaida ce cewa sun san sirrin kaifi. Abin da ya rage musu shi ne horon ƙarfen baya, yadda zai lanƙwasa ya dawo bai karye ba, da huda ramin ƙusa daidai. Wannan darasi ne na ƴan makonni a cibiyoyin koyon sana'a da ke garuruwanmu, in an sami malami guda da ɗan injin huda ƙarfe. Kasuwa kuwa ga ta a bakin hanya, kowane buhun albasa da aka ɗinka a Tsarnawa sai an datse masa igiya.

Ɗan yayata dai na aika masa da tasa ta hannun wani direba: ruwa guda, baƙin ƙarfe, tsawonsa bai kai santimeta 8 ba, tare da ɗan dutsen wasawa. Na haɗa da saƙo cewa ya rufe ta da tafin hannu ta bayan ruwa, yatsunsa a waje, kuma in zai miƙa wa wani ya miƙa ta a rufe. Yayata ta gaya mini cewa kwana biyu bai ko dube ta ba. A rana ta uku mahaifinsa ya nemi aro zai yi auren mangwaro, yaron ya ce a bari shi ya yi yankan.